Zanin Gado Marar Kalmasa

Hajiya Batulu ta yarda a taɓa mata ido da wuƙa, amma ta ƙi yarda a haɗa mata babbar jaka. Wanda bai san ta ba sai ya ce taurin kan tsufa ne, kuma taurin kan akwai shi, ba a rasa ba. Amma maganar gaskiya tsoro ne. Mijinta, Alhaji Ɗangoggo, shi ma kwana ɗaya aka ce zai yi a asibiti bayan ɗan aikin ƙaba. Ita da hannunta ta haɗa masa kaya kamar mai tafiya ƙasar waje, har da bargo da rediyo da kwanon dambun nama. Washegari kayan suka dawo gida a bayan mota, mai su ya biyo baya a rufe. Tun daga ranar ta sa a ranta cewa yawan kaya a asibiti kiran zama ne, kuma babu malamin da ya iya cire mata wannan.

A shekarun nan ne da soja suka koma bariki, harka ta buɗe a Abuja, duk inda ka waiwaya ko ana haƙa rami ko ana ɗora bene a kan bene. Ɗanta Sadisu, mai sayar da tayil a Dei-Dei, ya samu rabonsa daidai gwargwado, sai ya rantse uwarsa ba za ta bi layi a asibitin gwamnati ba. Ya nemo wani sabon asibitin kuɗi a bayan Wuse, wanda ko warin fenti bai gama barinsa ba. Yanar ido ce ta rufe wa Hajiya idanu duka biyu, har ta daina zuwa shagonta na atamfa saboda ba ta bambance shuɗi da kore, kuma abin kunya ne ga mai yadi a ce mai saye ne zai faɗa mata kala. Likita ya ce za a fara da na dama, ta kwana ɗaya a sallame ta, in ya warke a dawo a yi na hagu.

Ranar da za a tafi, Helen ce ta haɗa kayan. Helen matar James ce, masu haya a ɗakin bakin ƙofa a gidan Hajiya na Garki. 'Yar wajen Abaji ce, Kirista, mai zafin nama da yawan dariya, kuma tun da idon Hajiya ya yi rauni ita ce ta zama idonta. Mama take kiranta. Hajiya kuwa tana yi mata faɗa kamar ita ta haife ta, wanda a wurin Hajiya shi ne iyakar ƙauna.

Hajiya ta zauna a bakin gado tana ba da umarni, Helen tana sakawa, Hajiya tana cirewa. Buta ta shiga ba gardama, haka carbi da sallaya da silifas na roba. Filas ɗin ruwan zafi sai da aka yi doguwar muhawara kafin ya samu wuri. Helen ta saka zani uku, Hajiya ta laluba ta zare biyu, ta ce ba biki za ta ba. Asuwaki ta ce ya isa, a mayar da buroshi. Da Helen ta ɗauko man shafawa babban kwalba, sai aka sa ta ɗiba kaɗan a murfi. A kan bargo ne suka fi daɗewa.

"Mama, wannan asibiti akwai esi fa," in ji Helen. "Sanyi zai kama ka."

"A Abujar nan da zafin nan? Mayar da shi inda kika ɗauko. Gobe war haka ina gidana."

Helen ta mayar, tana gunaguni da yarensu. Saura abu ɗaya. Asibitin, duk da tayil ɗinsa da gilashinsa, bai gama shirya ɗakin wanki ba, don haka aka ce kowane majinyaci ya zo da zanin gadonsa, fari in da hali. Ana cikin haka Sadisu ya danna hon a waje. Hajiya ta miƙe don ta sake alwala kafin a fita, ta ce wa Helen ta duba akwatin ƙarƙashin gado ta ɗauko fari, ta laluba bango ta fita.

To, akwati biyu ne a ƙarƙashin gadon. Na gaba na fata ne, nan zannuwan gado suke. Na lungu na ƙarfe ne, kuma abin da ke ƙasansa Hajiya ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Shekarar da suka sauke farali ita da Alhaji, sun sayi farin yadi dogon yanki ɗaya a Makka, suka jiƙa shi da ruwan Zamzam, suka shanya a rana kamar yadda suka ga wasu alhazai na yi, suka dawo da shi a kan cewa likkafaninsu ne su biyu. Da Alhaji ya rasu, masu wanka suka yagi nasa da hannu sake, don mutum ne mai jiki. Abin da ya rage Hajiya ta auna shi a ɓoye, daga hanci zuwa yatsa irin na masu yadi, ta ga ba zai ishe ta ba. Doguwar mace ce, irin waɗanda suke sunkuyawa a ƙofar zaure. Kullum cewa take za ta ƙaro daga kasuwa, ga ta kuwa a tsakiyar masu yadi, amma ba ta ƙaro ba. Can cikin zuciyarta, inda ba ta bari ko ita kanta ta leƙa, tana jin cewa muddin yadin bai kai ba, lokacinta ma bai kai ba. Sai dai ta ƙara masa kafur duk shekara ta rufe.

Da ta dawo daga alwala jaka a zuge take, Helen na rataye da ita a kafaɗa. Hajiya ta ɗaga ta ji nauyinta, ta ce ta ɗan yi nauyi, Helen ta ce filas ne. Suka fita.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Allura aka yi mata a gefen ido, tana jin likita da mataimakinsa suna hirar filaye a Gwarimpa a kan fuskarta, har ta so ta ce musu su mai da hankali. Bayan azahar aka turo ta a keke zuwa ɗakin mata, idon dama a lulluɓe da auduga da filasta, na hagu kuma ba ya ganin komai sai hazo. Wata nas mai suna Joy ta kwantar da ita rigingine, ta maimaita mata dokar likita: ba sunkuyawa, ba ɗaukar kaya, ba juyawa ɓangaren dama, ko tari ya zo ta lallashe shi. Sannan ta ce asibitin ba a kwana da mai jinya. Sadisu ya yi mata sannu ya koma shago, wayarsa sabuwa tana ta kuka a aljihu. Helen ta gyara mata filo, ta ce ta shimfiɗa mata gado tun tana ɗakin tiyata, ta tafi ɗauko yara a makaranta.

Ɗakin ya yi tsit, in ban da gurnanin iyakwandishan da bugun guduma daga wani gini da ake yi a maƙwabta. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala. A cikin numfashin nan ne ƙamshin ya shigo mata.

Da farko ta ce maganin asibiti ne. Amma hancin da ya shekara yana buɗe akwatin ƙarfe ba ya ɓata. Kafur ne, da ɗan tsohon warin ƙarfe a bayansa. Ta shafa shimfiɗar da tafin hannu. Zanin gado yana da santsi, wannan kuwa yana da ɗan kaushi na yadin da bai taɓa ganin sabulu ba, kuma an ninka shi sau da yawa saboda tsawo. Yatsunta suka bi har gefen katifa suna neman kalmasa. Babu. Abin da suka samu zare ne a barbaje, daidai inda hannun masu wanka ya yaga rabon Alhaji. Ɗaya rabin wannan yagar yana cikin ƙasa a maƙabartar Gudu, ita kuma ga ta kwance a kan nata, rigingine, hannaye a gefe, ido a rufe.

Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron da ke farawa daga tafin ƙafa. Ta so ta zabura, ta tuna dokar likita. Ta so ta yi ihu, ta tuna ita Hajiya Batulu ce. Sai ta kira Joy da murya a ƙasa, ta ce a cire mata shimfiɗar nan. Joy ta tambayi dalili, Hajiya ta ce ƙaiƙayi take sa ta. Yaya za ta yi wa yarinya Kirista bayanin cewa Helen, da zuciya ɗaya, ta tsallake akwatin fata ta zaɓo wa Mama farin da ya fi kowanne haske da ƙamshi? A wajensu mamaci kayansa masu kyau ake sa masa a saka shi a akwati. Ina Helen za ta san abin da farin yadi marar ɗinki yake jira?

Joy ta ɗaga ta a hankali ta zare yadin, ta shimfiɗa mata zaninta guda ɗaya da ta yarda a kawo. Katifar leda ce, sanyinta yana ratsa zanin kamar ba a shimfiɗa komai ba. Hajiya ta ce a saka yadin a jaka. Joy ta ce to, amma aka kira ta daga waje, sai ta ninke shi ta ajiye a ƙarshen gado. Hajiya tana jin nauyinsa a kan yatsun ƙafarta. Ta janye ƙafa, gadon kuwa bai kai tsawonta ba, ba inda za ta kai su.

"Sannu, Hajiya."

Muryar daga hagu ta fito, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Hajiya ba ta san da mutum a ɗakin ba. Ta juya idon hagu, ba ta ga komai ba sai ɗan duhu ƙarami a cikin hazo. Ta amsa sannun da ƙyar.

Sannu a hankali, kalma biyu a huta, maƙwabciyar ta faɗi ko ita wace ce. Maman Kure ake ce mata, daga wani ƙauye a bayan Kwali, maginiyar tukwane. Maƙoƙo aka cire mata da safe, shi ya sa muryar ta zama haka. Ɗanta Kure birkila ne, yana cikin waɗanda suka gina asibitin nan, mai asibitin ne ya ce a kawo ta a yi mata. Shi ma an kore shi kamar kowa, ya koma wurin aiki, sai gobe. Ita ma kwana ɗaya aka ce. Hajiya ta ce Allah ya ba da lafiya, ta katse hirar, don ba ta son jin kalmar kwana ɗayan nan a bakin kowa.

Ta yi la'asar a kwance da ishara. Daga gadon hagu ta ji raɗar fatiha, ta gane maƙwabciyar musulma ce. Bayan nan allurar da aka yi mata ta rinjaye ta, barci ya ɗauke ta ba da sonta ba.

Kiran sallar magariba ne ya tashe ta, daga wani masallaci can nesa. Abu na farko da ta lura da shi, ba ta jin sanyi. Ɗumi take ji mai daɗi tun daga ƙafa har wuya. Sai ƙamshin ya biyo baya, a kusa, dab da hancinta. An lulluɓe ta da yadin har haɓa, an cusa gefe da gefe a ƙarƙashinta tsaf, yadda hannayenta suka manne da jikinta.

Ba ta san lokacin da salati ya kuɓuce mata ba. Joy ta leƙo da gudu, ta ce sorry Mama, ita ce ta shigo ta tarar da ita tana rawar sanyi a cikin barci, ta duba jaka ba bargo, sai ta rufa mata abin da ta samu. Esin kuma ba a kashe shi, daga can sama ake sarrafa na benen gaba ɗaya. Ta sassauta mata yadin ta fita, tana mamakin tsofaffi.

Hajiya ta ture shi zuwa cikinta, ta kwanta tana jin bugun zuciyarta har cikin idon da aka ɗinke. Sau biyu ke nan. Ta bar shi a gida ya biyo ta, ta sauke shi ya hau ta. Ta san karatunta, ta san rai a hannun Allah yake, yadi yadi ne. Ta faɗa wa kanta bai ma kai tsawonta ba. Amma ɗazu da ta farka, daga ƙafa har wuya ya rufe ta, kuma ba ta ji inda ya gaza ba. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga safiya, ta fita ta ƙofar nan da ƙafarta. Kuma ta tabbata, tabbacin da ba ya jin lallashi, cewa in ta kwana da abin nan a gadonta ba za ta fita ba.

Guduma ta yi shiru a waje, leburori sun tashi. Sai ta fara jin wani ƙaramin sauti daga hagu, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Haƙora ne ke haɗuwa.

"Hajiya," in ji muryar. "Kana da sauran zani? Sanyi."

Hajiya ta laluba yadin da ke kan cikinta. Ta ce a ranta rufa wa mai jin sanyi sadaka ne. Ta ce baiwar Allah ce marar gata, ba ta da kowa a nan. Ta ce yadin da ya sha Zamzam albarka ne ga duk wanda ya taɓa. Duk gaskiya ne, kuma ta san ba ko ɗaya daga ciki da ya sa hannunta ya tattara yadin. Ta miƙa shi ta tsakanin gadajen biyu, ba tare da ta ce komai game da shi ba.

Hannun da ya karɓa ƙarami ne, mai kaushi kamar bayan tukunya, kuma da sanyi. Bai ja yadin nan da nan ba. Hajiya tana riƙe da ɗaya gefen, ta ji yatsun suna tafiya a hankali, suna bin baki, har suka isa wurin yagar suka tsaya. Ta ji an ja numfashi ta hanci, dogo. Har Hajiya ta buɗe baki za ta ce a dawo mata da shi. Ba ta ce ba.

"Na gode," in ji Maman Kure. "Allah ya buɗe maka ido."

Yadin ya zame daga hannun Hajiya. Ta ji motsinsa ana warwarewa, ana ja, sannan haƙoran suka daina. Ta takure a kan zaninta guda, sanyin leda yana cin bayanta, ta yi niyyar ba za ta runtsa ba sai ta ji numfashin maƙwabciyarta har asuba. Abin kunyar shi ne, tun rasuwar Alhaji ba ta yi barci mai daɗi irin na ranar ba.

Takun ƙafafu ne ya tashe ta, gari ya riga ya waye. Mutane suna shiga suna fita a gefen hagu, ana magana da Turanci ƙasa-ƙasa, aka ja labule, ƙarfensa ya yi ƙara. Ta tambaya ko lafiya, ba wanda ya kula ta. Ta kasa kunne tana neman numfashin nan mai kama da jan tsintsiya. Iyakwandishan kawai take ji.

Can likitan ido ya zo da fara'arsa ta safe, ya zaunar da ita, ya ɓare filastar a hankali, ya goge mata ido da auduga mai sanyi, ya ce ta buɗe. Haske ya soke ta, hawaye ya zubo. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sai duniya ta dawo da bakinta da gefenta, irin yadda ta manta ana gani. Ta ga layin da ke tsakanin tayil da tayil. Ta ga gashin hannun likita. Ya ɗaga yatsu yana tambaya nawa ne, ita kuwa ta wuce shi da kallo, don labulen hagu bai rufe duka ba.

Shekara da shekaru ba ta ga fari irin wannan ba. Yana shimfiɗe a kan gadon, an ja shi har ya rufe kai, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ɗan ƙarami ne kamar yarinya. Tana iya ganin zaren yagar ɗaya bayan ɗaya yana lilo a iskar esi.

Kure ya iso da ƙurar siminti a ƙafa, riƙe da ledar koko da ƙosai da ya kawo wa uwarsa. Magidanci ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Bai yi kuka da ƙarfi ba, ya tsaya ne kawai riƙe da ledar, ya rasa inda zai ajiye ta. Aka ce masa numfashi ne ya sarƙe mata gab da asuba, an yi iya ƙoƙari. Da ya fara maganar zuwa kasuwa neman yadi kafin a kama hanyar Kwali, sai Joy ta matso, idonta ja, ta ce akwai saƙo. Jiya da ta zo ba wa tsohuwar magani bayan isha, ta ce mata kada kowa ya cire mata wannan farin. Ta ce a ƙauyensu ita ke wanke mata in sun rasu, ta san ƙamshin, ta san bakin yadin. Ta ce Hajiya ce ta ba ta nata, in ta tafi a naɗe ta a ciki. Joy ta ce ita ta ɗauka maganin barci ne ke sa ta surutu.

Kure ya juyo ya dubi Hajiya. Ta so a ce idon bai buɗe ba. Ya zo gaban gadonta ya durƙusa har ƙasa, yana godiya da addu'a, yana cewa ba su san ta ba ba ta san su ba, ta yi wa uwarsa suturar da shi ɗanta bai tanada ba. Amin kawai Hajiya ta ce.

A haka Helen ta shigo da kular abinci. Da ta fahimci abin da ta shimfiɗa wa Mama jiya, ta ɗora hannu biyu a ka ta fashe da kuka. Hajiya ta ce ta yi shiru, ba laifinta ba ne, ita ce ta ce fari a ƙarƙashin gado ba ta ce wane akwati ba. Wannan ne karon farko da ta ga fuskar Helen sosai, ashe tana da wushirya. Suka fita ta ƙofar asibitin, Hajiya da ƙafarta, jakar ba nauyi.

Idon ya warke lafiya lau. Ta koma shago, ta kama yaran shagon da laifin haɗa kalolin da ba sa tafiya tare, ta yi musu tas. Mutane suna ta barka. Ba wanda ta faɗa wa cewa duk sallar da ta yi sai ta sa Maman Kure a addu'a, kuma ba ta san ko gafara take nema mata ko nema take a wurinta ba. Wani lokaci takan ce tsohuwar ta san abin da ta karɓa, da yardarta ta karɓa. Wani lokaci kuma takan tuna cewa ita da ta miƙa ba ta san an sani ba. Abu ɗaya ne ya yi mata sauƙi: akwatin ƙarfe ya zama fanko, kuma ba ta da niyyar cika shi nan kusa.

Likita ya sa ranar yin idon hagu. Ana gobe za a tafi, da la'asar, Helen ta zo haɗa jaka. Wannan karon Hajiya ba ta yi gardamar bargo ba. Zanin gado kuwa ita ta zaɓo da kanta, mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa, ta ɗaga shi a haske ta bi kalmasarsa kusurwa huɗu, ta ce in asibiti ba sa son kala su sha zamansu. Suna cikin dariyar wannan aka yi sallama a tsakar gida.

Kure ne, cikin wankakkiyar riga, ya sha tambaya kafin ya gano gidan. Ya sauke wani tulu mai zanen ƙadangaru a gaban Hajiya, ya ce yana cikin na ƙarshe da tsohuwa ta gasa. Aka gaisa, aka yi ta'aziyya, Helen ta kawo ruwa. Ya ce matan da suka yi wankan sun ce a faɗa wa Hajiya, yadin ya isa cif, ba a ƙara ba, ba a rage ko tafin hannu ba, kamar da ita aka auna. Hajiya ta ce Allahu akbar.

Sannan ya jawo wata baƙar leda daga bayansa ya ajiye kusa da tulun, ya ce abin ya tsaya masa a rai, bai kamata a bar Hajiya ba nata ba.

"Ba na Makka ba ne, Hajiya, na kasuwar Wuse ne, ki yi haƙuri. Amma na gan ki a tsaye ran nan. Na ce wa mai shago na doguwar mace ne, kada ya yi ƙwauro."

Hajiya ta yi godiya. Ta sa masa albarka, shi da 'ya'yansa, da muryar da ba ta yi rawa ba, don ta iya karɓar baƙo. Helen ta raka shi ƙofa ta dawo, ta samu Hajiya a tsaye a tsakar ɗaki, ta zare yadin daga leda. Sabo ne fil, fari tas, yana warin shago. Ta kama baki ɗaya ta kai hanci, ta miƙe hannu, ta sake kamawa, ta sake miƙewa, yadin yana taruwa a ƙafafunta. Ba ta bukatar tef, sana'arta ce. Ta kai inda tsohon yake ƙarewa, wannan bai ƙare ba. Ta kai inda ya kamata ya kai, har da saura.

Ta tsaya riƙe da ƙarshensa. A kan gado ga bargo, ga buta, ga zanin gado mai furanni a ninke. Helen na tsaye da jakar a buɗe a hannunta, tana jira a faɗa mata inda za a ajiye yadin.